Yawon ɗaukar hoton namun daji: kuɗin da muke biya yana kai wa ga dabbobin kuwa?

Mai_Hoto_Kano
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Na jima ina tara kuɗi don in je Kenya in ɗauki hoton namun daji a Masai Mara lokacin ƙaurar dabbobi, tsakanin Yuli da Oktoba. Kamfani biyu suka turo min farashi. Na farko da sauƙi, a kwana a bakin gandun, a shiga da safe a fito da yamma. Na biyu ya kusa ninka na farko, kuma sun cika takardarsu da cewa tafiyarsu ba ta takura wa dabbobi, wai wani kaso na kuɗin yana tafiya wajen kare dajin da taimakon mutanen yankin. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake yi wa haja kwalliya. Shin maganar nan gaskiya ce, ko dabarar ƙara kuɗi ce? Mai kyamara ba harbi yake ba, ba kamu yake ba, to wace cuta zai yi wa zaki?

Bagobiri_Sak
Wa alaikumus salam. Dabarar cin kuɗi ce kawai. Zaki bai san wanda ya biya dala dubu da wanda ya biya ɗari ba. Ɗauki mai arhar, ka sayo mana tsaraba da canjin.

Hajiya_Nairobi
@Bagobiri_Sak zaki bai san dala ba, amma ya san ƙarar inji.

Alhaji Mai Hoto, a Nairobi muke zaune da iyali, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida Mara yake so a kai shi. Bari in faɗa maka abin da ido ya gani. Kowace motar yawo tana da rediyo. Direba ɗaya ya hango damisa, ya faɗa a rediyo, kafin ka gama goge gilashin kyamara motoci sun ɓullo ta ko'ina suna tada ƙura. Na ga wata damisa da ta haye bishiya da barewar da ta kama, motoci suka yi mata zobe kamar tasha ranar jajiberin salla. Wani bawan Allah a motar kusa da mu ya dinga dukan jikin ƙofa da tafin hannu don ta ɗago ta kalle shi. Ta ɗago ɗin, ya samu hotonsa, ita kuma ta sauko ta bar naman a reshe ta shige kwazazzabo. Ba wanda ya harbe ta, amma an raba ta da abincinta.

Game da farashi, sai ka san Mara kashi biyu ce. Akwai gandun gwamnatin yankin Narok, kusan murabba'in kilomita 1,500, inda duk mai kuɗin ƙofa zai shiga. Tun 2024 baƙo daga waje yana biyan dala 200 a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Sannan akwai filayen da ke kewaye da gandun, mallakin iyalan Masai, waɗanda suka haɗa su suka ba masu masauki haya: Naboisho, Olare Motorogi, Mara North, Ol Kinyei da sauransu. A can kowane mai fili yana karɓar kuɗin hayarsa duk wata, an ƙayyade yawan gadajen baƙi, kuma yawanci ba a barin mota fiye da biyar a kan dabba ɗaya. Ta shida sai ta tsaya nesa ta jira. Shanun masu filin ma suna kiwo a ciki, amma bisa tsari, yau nan gobe can. Ka tambayi kamfani na biyu inda za ka kwana. In a irin filayen nan ne, tsadar tana da dalili. In a babban gandun ne tare da kowa, to Bagobiri ya fi ni gaskiya.

Bagobiri_Sak
To Hajiya, kin ga dai ban faɗi ƙasa warwas ba.

Malam_Tsuntsu
Ƙari a kan bayanin Hajiya. Akwai binciken da aka wallafa a 2018 a kan rabbi a yankin Mara, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu a ƙasa. An gano cewa a wuraren da motocin baƙi suka yi yawa, uwa da ƙyar take raya ɗa ko ɗaya har ya kai ga cin gashin kansa, amma inda motoci ba su da yawa tana raya sama da biyu. Rabbi da rana yake farauta, daidai lokacin da motoci ke yawo. In an kewaye uwa ba ta iya sanɗa, barewa ta riga ta farga. Ga kuraye da zakuna da sukan gane cewa inda motoci suka taru akwai wani abu. Saboda haka tambayar da ka yi, wace cuta mai kyamara zai yi, amsarta ke nan.

Dan_Alkaleri
Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, Alhaji kana Kano za ka ɗauki dala ka kai Kenya, ga Yankari nan a Bauchi. Murabba'in kilomita 2,244, an kafa ta tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, kanki, dorina, gadu, ga tsuntsaye ba adadi, ga ruwan ɗumi na Wikki ka yi wanka bayan ka dawo daga daji.

Amma tunda ana maganar wa ke cin moriya, bari in faɗi tawa a matsayina na wanda aka haifa a gefen dajin. Baƙo yana ganin giwa ya ce masha Allah. Baffana yana ganin giwa ya ce innalillahi. Dare ɗaya garke ya bi ta gonarsa ta masara ana saura kaɗan a karya, da safe sai kara kwance da kashin giwa yana tururi. Mutumin nan da ya yi rance ya sayi taki, ka je ka ce masa giwa dukiyar ƙasa ce. Duk tsarin da bai kai wa irin su baffana ba, ni a wurina hoto ne kawai ake ɗauka, ba kare daji ake ba.

Gaskiya dai abubuwa sun ɗan canza tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin jiha wajen kula da gandun a 2014. An sanya wa wasu giwaye na'ura a wuya ana bibiyar inda suke, kuma akwai mutanen ƙauyuka da aka ɗauka su riƙa sanar da jama'a in garke ya doso gona. Sintirin masu gadi ma ya ƙaru.

Mai_Hoto_Kano
@Dan_Alkaleri na je Yankari, ɗan'uwa, kuma zan koma. Biri ma ya ƙwace min burodi a Wikki. Amma ƙetare kogin Mara da nyumbu (wildebeest, dabbar dawa mai kama da saniya) sama da miliyan suke yi tare da jakunan dawa, kada na jiransu a ruwa, shi nake so in gani da idona kafin ƙarfi ya ƙare.

Maman_Hanif
Ba ƙwace ba ne Alhaji, harajin gari ya karɓa. Amma ka lura, biran nan baƙi ne suka koya musu. Ana miƙa musu biskit don a yi hoto da su, yanzu sun gane leda, sun gane jakar mata. Ni ba na bari yarana su ba su komai.

Hajiya_Nairobi
Tunda ka ambaci ƙetare kogi, nan ne ma abin ya fi muni. Nyumbu dabba ce mai tsoro, sai su taru a bakin gaɓa su yi awanni suna shawara. Mota ɗaya ta matsa kusa, sai su fasa, su koma wata mashiga mai tsayin gaɓa inda za su karye. A Yulin 2025 wani bidiyo ya yaɗu daga Kogatende, ɓangaren Serengeti na Tanzaniya, mutane sun sauko daga motoci sun tsaya a kan hanyar dabbobin suna ɗaukar hoto da waya. Kuma ka sani, manyan mashigun kogin suna cikin babban gandun ne, ba a filayen haya ba. Ko a Naboisho ka kwana, ranar da za ka je kallon ƙetarewa cikin cunkoson za ka shiga. Abin da ya rage maka shi ne direban da zai tsaya baya har dabbobin su fara shiga ruwa.

Yar_Zariya
Ni sana'ata ce hoto, bukukuwa da rana, tsuntsaye in na samu sarari. Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Ana ta zargin direbobi, amma direba tukwici yake nema. Baƙon da ke zaune a baya shi ne yake cewa matsa, ƙara matsawa, sauka daga hanya, zan gyara maka. Direban da ya bi doka ya dawo da baƙi suna ɓata rai, wanda ya karya ta ya dawo da aljihu cike. In kana so ka san ko tafiyarka mai tsabta ce, tun ranar farko ka gaya wa direbanka cewa tukwicinsa ba ya rataye a kan kusanci, kuma in dabba ta nuna damuwa ku bar wurin. Za ka ga yadda hankalinsa zai kwanta.

Sauran kuma kayan aiki ne da haƙuri. Ka nemi gilashi mai jawo nesa, milimita 400 zuwa sama, ko haya ce ka ɗauka, don kada ka buƙaci matsawa. A kashe inji in an tsaya, hoton ma ya fi fita don mota ba ta rawa. Ban da filasha da dare a idon dabba. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ka bar shi a gida, yawancin gandaye sun hana, kuma giwaye na firgita da ƙararsa. In ka ga giwa ta baza kunne tana kaɗa kai, ko zakanya ta daina shayarwa ta zuba muku ido, kun yi kusa. Sannan ka kashe alamar wuri a wayarka da kyamararka kafin ka ɗora hoton karkanda a Instagram, domin masu farautar ƙaho ma suna da intanet.

Bagobiri_Sak
To ai in an bi duk wannan, sai a dawo da hoton ciyawa.

Yar_Zariya
@Bagobiri_Sak Yaya, akasin haka ne. Dabbar da ta manta da kai ita ce take hamma, take wasa da 'ya'yanta, take farauta. Wadda aka tsokana hoto ɗaya take bayarwa, fuska a murtuke tana kallon kyamara, irinsa dubu ne a Facebook. Ko manyan gasa ba sa ɗaukar wasa da wannan. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kambun wanda ya ci a 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na gida ne da aka horar. A 2018 kuma suka soke wani hoto da suka gano dabbar da ke ciki matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar.

Dan_Maradi
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, ina son in ba ku labarin raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai ta hanyar Doso. Su ne irin raƙumin dawan Afirka ta Yamma da suka rage a duniya. A 1996 an ƙirga su 49 kacal. Bayan shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Kuma ba cikin gandu mai shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro, manoma na kuka kamar yadda Dan_Alkaleri ya faɗa. Abin da ya sa aka jure musu shi ne an ga amfani. Samarin yankin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, baƙo ba ya shiga sai da ɗaya daga cikinsu, ƙungiyoyin kare raƙuman kuma suka riƙa gina rijiyoyi da ba mata bashin sana'a. Ɗan jagora yakan hau kan mota ko bishiya ya hango su, a sauka a taka a hankali, ya ce maka iyakarka nan.

Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagorar. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman ba su daina cin wake ba, amma kuɗin da ke sanyaya zuciyar manomi ya tsaya. Shi ya sa nake ganin dogaro da baƙon waje kaɗai akwai haɗari. An dai yi dabara tun 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun Gadabeji a jiharmu ta Maradi, don kada a tara su duka wuri ɗaya.

Hajiya_Nairobi
Amin. Maganarka haka take Dan_Maradi. Mu ma a 2020 da korona ta rufe filayen jirgi, masaukai suka zama kango, sai da aka zauna da masu filaye a Mara aka rage kuɗin haya, a wurare da dama zuwa rabi, aka nemo tallafi da rance daga waje don kada mutane su janye filayensu su kafa shinge su shuka alkama.

Sarkin_Baka
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ni gidan farauta na tashi, kakana da kwari da baka ya ci abinci. Ana ta zagin maharbi ana yabon mai kyamara. Kenya ta hana farauta tun 1977, amma daga lokacin zuwa yau namun dajinta a filayen kiwo sun ragu da kusan kashi biyu bisa uku. Namibiya kuwa tun 1996 ta ba ƙauyuka iko a kan namun dajinsu, suna sayar da lasisin farauta kaɗan da tsada, su ci nama su raba kuɗi, dabbobi kuma suka ƙaru. Botswana ta hana a 2014, ta dawo ta buɗe a 2019 saboda kukan manoma. Mai kyamara yana son wuri mai kyan gani, mai hanya, mai ruwan zafi a banɗaki. Dajin da ke cike da ƙudan tsando, wanda za ka wuni ba ka ga komai ba, wa zai biya kuɗin gadinsa?

Malam_Tsuntsu
@Sarkin_Baka ranka ya daɗe, lissafin Kenya gaskiya ne, amma ba hana farauta ne ya jawo ba. Jama'a sun ninka, an yanka filaye an kafa shinge, tumaki da awaki sun ƙaru ƙwarai, ga fari a kai a kai. Kuma a Namibiyar ma masaukan masu kallo suna kawo kaso mai tsoka na kuɗin ƙauyukan. Zaki ɗaya za a yi shekara goma ana biya a kalle shi, harbi kuwa sau ɗaya ne. Inda na yarda da kai shi ne tambayarka ta ƙarshe, ba ni da amsarta.

Sarkin_Baka
To madalla, ko wannan ka ba ni ya isa.

Na_Njamena
Tambayar Sarkin Baka ta tuna min da Zakuma a nan Chadi. A 2002 giwaye sun kai 4,000, zuwa 2010 mahaya dawaki masu neman haure sun mayar da su wajen 450. A shekarar ne ƙungiyar African Parks, mai kula da gandayen daji a Afirka, ta karɓi kula da gandun. A 2012 aka kashe masu gadi shida a Heban suna sallar asuba. Yau giwayen sun koma haihuwa, sun haura 500, kuma masu kyamara daga Turai suna biyan kuɗi mai yawa su kwana a tanti su ɗauki hoton garke da tsuntsaye a bakin tafki. Amma kada a ruɗe ku, ba kuɗin hoto ne ya sayi jirgin sintiri da rediyo da albashin masu gadi ba, masu ba da tallafi ne, musamman Tarayyar Turai. Kuɗin baƙi ƙari ne. Abin da ya fi burge ni shi ne sansanin da aka ware wa 'yan ƙasa kyauta, ana kawo 'yan makaranta da mutanen ƙauyuka su ga giwa da idonsu. Yaron da kakansa ya san giwa a matsayin nama ko abokiyar gaba, ya zauna a mota yana kallonta tana shan ruwa.

Baban_Ilham
Kowa na ta lissafin dabbobi, ba wanda ya ƙirga mutanen da aka tasa. Serengeti ɗin da ake ɗauka a hoto kamar ba a taɓa zama a cikinta ba, a 1959 Turawan mulki suka fitar da Masai daga ciki. A 2022 an sake rikici a Loliondo da gwamnatin Tanzaniya ta shata fili ta hana kiwo, ga maganar kwashe mutanen Ngorongoro. Ita kanta African Parks da ake yabo, a 2025 ta amsa cewa an ci zarafin mutanen ƙabilar Baka a gandun da take kula da shi a Kwango Brazaville. Mai hoto yana karkata kyamara don kada saniya ko bukka ta shigo, sai duniya ta ɗauka daji na gaskiya shi ne wanda babu mutum. Gobe in an zo korar makiyayi, hoton nan ne hujja. Ni Bafulatani ne, na san yadda wannan labarin yake ƙarewa.

Hajiya_Nairobi
Baban Ilham, ban musa ko ɗaya ba. Dalilin da ya sa na fi son tsarin haya ke nan, fili yana hannun mai shi, takarda da sunansa. Amma shi ma ba tsarkakakke ba ne. Wanda ke da takardar fili shi ke karɓa, galibi maza magidanta. Matar da mijinta bai ba ta ba, da saurayin da aka haifa bayan an gama rabon fili, ba su da kaso sai in sun samu aiki a masauki. Kuma in fari ya yi tsanani, rigimar kiwo takan tashi.

Ustaz_Abu_Sumayya
Jama'a, addininmu bai bar wannan babi ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai a wata tafiya sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah (SAW) ya zo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Ba yanka su aka yi ba, tayar da hankalin uwar ne aka hana. Masu zuwa bakin sheƙa suna sare reshe don haske ya shiga, da masu kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, su duba wannan.

Sabon_Shiga
Malam to shi hoton mai rai ɗin ma ya halatta?

Mai_Unguwa
@Sabon_Shiga wannan mas'ala ce mai zaman kanta, malamai sun yi bayani a kanta da saɓaninsu. A buɗe mata wani zaure, kada mu bar Alhaji da tambayarsa a hannu.

Maman_Hanif
Tunda Ustaz ya taɓo nan, mu ma mu duba gida. Masu wasa da kura da biri da suke zagaya kasuwanni, an ɗaure bakin kura da takunkumi, sarƙa a wuya, mutane na biya suna hoto. Wannan ma ai hoton namun daji ne. Haka 'yan'uwanmu masu zuwa Afirka ta Kudu su dawo da hoto rungume da ɗan zaki. Jariran nan raba su ake da uwa tun suna kwanaki, in sun girma sun wuce runguma da yawansu a hannun masu harbi cikin shinge ko masu cinikin ƙashi suke ƙarewa. Gwamnatin ƙasar da kanta ta sanar a 2021 cewa za ta kawo ƙarshen kiwon zakin. Duk inda aka ce zo ka taɓa, ni ba na zuwa.

Likita_Bello
Wani misali da ba a kawo ba shi ne Ruwanda. Takardar izinin ganin gorilar tsauni dala 1,500 ce tun 2017. Mutum takwas kacal ke zuwa wurin iyali ɗaya a rana, awa ɗaya, ban da filasha, kuma in kana mura ba za ka je ba, don cutarmu tana kama su. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandaye ana ware wa ƙauyukan kewaye, a yi aji ko asibiti ko tankin ruwa. Ƙidayar da aka fitar ta nuna sun haura 1,000 tsakanin Ruwanda da Yuganda da Kwango, har a 2018 aka sauke su daga matakin haɗari mafi tsanani. Tsada da ƙarancin baƙi sun yi aiki a can.

Bagobiri_Sak
Dala 1,500 don awa ɗaya! Likita, wato dai kare daji na masu kuɗi ne, talaka ya kalla a YouTube.

Likita_Bello
Akwai rangwame mai yawa ga 'yan ƙasa da 'yan Afirka, amma ƙorafinka yana nan daram. In aka sauke farashi, taro ya yi yawa, dabba ta wahala. In aka ɗaga, sai mai hali.

Mai_Hoto_Kano
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na tura wa kamfanonin biyu tambayoyi kamar yadda Hajiya ta ce: ina zan kwana, nawa ne daga kuɗina ke zuwa hayar fili ko kuɗin gandu, mota nawa suke yarda su tsaya a kan dabba, 'yan jagorarsu 'yan yankin ne ko daga birni ake kawo su. Na biyun sun amsa da sunan filin da suke, suka rubuta kuɗin kare daji na kowane dare daban da kuɗin ɗaki, suka ce direbobinsu Masai ne na wurin. Na farkon suka turo min hoton zaki ya ɗora ƙafa a tayar motarsu, suka rubuta a ƙasa cewa da mu za ka fi kowa kusa.

Yar_Zariya
Ai sun amsa maka ke nan.

Bagobiri_Sak
Ni dai har yanzu ban ga rasit daga hannun Bamasaye ko ɗaya ba. Rubutu a takarda kowa ya iya.

Hajiya_Nairobi
Wannan kuma ana iya bincikawa. Filayen suna da ƙungiyar da ta haɗa su tun 2013, kuma kowane fili yana bayyana masaukan da ke cikinsa. Alhaji ka duba ko sunan masaukin yana ciki. In ka isa kuma ka tambayi direbanka ko gidansu na karɓar haya, da baki zai gaya maka har da abin da ba ka tambaya ba.

Baban_Ilham
In ka je ka ɗauko mana har da shanun da makiyayan, da izininsu. Kada ka karkata kyamara.

Dan_Alkaleri
Ni dai ina nan a kan bakata. Kuɗin jirgin Alhaji kaɗai zai kai mutum goma Yankari su kwana su biya 'yan jagora su sayi abinci a ƙauyukanmu. Dan_Maradi ya faɗa, baƙon waje in an yi tari ya gudu. In 'yan gida ba sa zuwa, ranar da masu tallafi suka gaji wa zai riƙe dajin?

Malam_Tsuntsu
To mu haɗa tafiya mana daga zauren nan. Wane wata ya fi, Dan_Alkaleri?

Dan_Alkaleri
Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi na sauka kogin Gaji shan ruwa. Akwai zafi fa, kuma giwa ba alkawari ba ce, wani ya gani a fitar farko, wani ya koma gida bai gani ba. A fita da sassafe da kuma bayan la'asar.

Maman_Hanif
A sa ni da yara biyu, in ya dace da hutun makaranta. Yar_Zariya, akwai inda ake ba da hayar dogon gilashin nan a Kaduna ko Kano, ko sai Abuja?